Yadda Ake Gano Abin da Ke Shanye Wutar Batir Idan Mota Tana Ajiye

Duk wanda ya saba fita da sassafe a unguwannin Yamai, daga Bukoki zuwa Yantala, ya sha ganin magidanci a ƙofar gidansa yana roƙon samarin unguwa su tura masa mota, ko kuwa yana jiran maƙwabci ya kawo tasa a haɗa waya a ba shi wuta. Jiya da yamma motar ta tashi da murɗa ɗaya, yau kuma an murɗa makulli babu abin da ake ji sai ɗan ƙwas-ƙwas ɗin demarer, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, fitilun tablo da ke gaban direba suna dusashewa. Yawancin mutane batir suke ɗora wa laifi, su sayi sabo, ya yi musu mako biyu ko uku, sannan ciwon ya dawo. Na ga wani dattijo da ya sayi batir uku cikin shekara guda saboda wata tsohuwar Corolla, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo da aibi. Wani ɗan ƙwan fitila ne a cikin kofur, wato ma'ajiyar kaya ta baya, yake ci dare da rana tun ranar da aka buge motar ta baya, murfin ya daina danna maɓallin da ke kashe shi. Randa mai yoyo, ko ruwan kogin Isa aka juye mata, da safe wayam za a same ta. Saboda haka shawarata ga kowane mai mota ita ce kada ya fitar da kuɗin batir sai an auna, domin awon ba ya buƙatar komai sai mitar awon wutar lantarki guda ɗaya, da sifana mai lamba 10, da haƙurin zama na awa guda ko biyu.

Ya kamata a fara da sanin cewa mota ba ta daina shan wuta gaba ɗaya ko da an zare makulli. Agogo yana tafiya, rediyo yana riƙe da tashoshin da aka ajiye masa, kwamfutar inji tana riƙe da abin da ta koya, na'urar da ke sauraron rimot kuma ba ta rufe kunne. Wannan ɗan sha halal ne, kuma a mafi yawan motoci yana tsakanin miliamfer 20 da 50, inda miliamfer 1000 ke yin amfer ɗaya, amfer kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya. Manyan motoci masu tarin na'urori sukan ɗan haura haka, tsofaffi irin su Peugeot 504 kuwa kusan ba sa shan komai. Abin da muke nema shi ne shan da ya wuce wannan iyaka, wanda ni nake kira ɓarawon cikin gida.

Lissafinsa yana da sauƙi, kuma wanda ya riƙe shi ya yi rabin aikin. A jikin kowane batir akwai lamba tare da haruffan Ah, kamar 45, 60 ko 70. Batir mai 60 yana iya ba da amfer 3 har tsawon awa 20 kafin ya ƙare, amma mota takan fara wahalar tashi tun da ya kai rabi. Idan motar tana shan miliamfer 30, a yini da kwana ba ta kai ga cinye kashi ɗaya cikin sittin ɗin ba, sai ta haura wata guda a ajiye kuma ta tashi. Ƙwan fitila mai wat 5 kuwa yana jan kusan miliamfer 400, wato kashi 10 cikin sittin a kowace rana, cikin kwana uku ya kai batir rabi. Abin da ke jan amfer 3 a dare ɗaya yake gama aikinsa. Ke nan tsawon lokacin da batir ke ɗauka kafin ya mutu shi kansa shaida ne: wanda ke mutuwa a dare guda babban abu ne ke cin sa, wanda kuma sai an yi mako ba a tayar da mota ba, ƙaramin abu za a nema.

A fara wanke batir da altarnater daga zargi

Kafin a nemi ɓarawo, sai an tabbatar da cewa akwai abin da aka sata. A bar mota ta huta awa uku ko huɗu bayan an kashe ta, a sa mita a wurin awon bolt na wutar batir, inda aka zana harafin V da miƙaƙƙen layi, a ɗora jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙar kuma a kan mai alamar ragi. Cikakken batir yana nuna 12.6 ko ɗan sama da haka, 12.4 yana nufin ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi ne, abin da ya yi ƙasa da 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Sai a sa wani ya murɗa makulli ana kallon mita. Idan a lokacin da demarer ke juyawa lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 alhali batir a cike yake, ƙarfinsa ya tafi. Da inji ya tashi, a sake dubawa: tsakanin 13.8 da 14.5 shi ne alamar altarnater, wato na'urar da inji ke juyawa domin cajin batir, yana cika batir yadda ya kamata. A kunna manyan fitilu da na'urar sanyi a ga ko lambar za ta tsaya sama da 13.5, idan ta zube a duba bel ɗin da ke juya altarnater ko ya saki. Wasu sababbin motoci kwamfuta ce ke ɗaga cajin tana sauke shi, don haka a irinsu a ɗan daɗe ana kallo kafin a yanke hukunci.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida, kuma shi ne mafi raba gardama. A kai batir a cika shi, a mayar da shi mota, amma a bar kos ɗin ragi, wato ƙarfen bakin waya da ke kama kan batir, a cire, a kwana biyu. Idan bayan haka ya faɗi ƙasa da 12.4 alhali babu abin da ke haɗe da shi, batirin ne ke cin kansa daga ciki. Idan ya riƙe 12.6 a cire, amma ya zube da zarar an kwana da shi a haɗe, to laifin yana cikin mota.

A nan ƙasarmu dole a yi wa batir adalci, domin zafi ne babban maƙiyinsa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, abin da ke ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan batir yana ƙafewa, farantan cikinsa suna lalacewa, saurin da yake zubar da wutarsa da kansa kuma yana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri 10. Bazara ce ke yi masa rauni, amma sau da yawa sai sanyin safiyar Disamba ko Janairu yake tona asirin. Idan batirin mai marafai ne, a buɗe a ga ko ruwa ya rufe farantan, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan famfo ko na rijiya. A kuma dubi samansa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tururin asid takan zama wani danshi mai maiƙo da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan. Ana gane shi idan aka ɗora baƙar wayar mita a kan ragi, aka riƙa yawo da jar a bisa robar murfin. In dai mita ta nuna wasu bolt, wuta na tsiyaya ta nan. Ruwan kanwa yana kashe asid ɗin, a shafa shi da tsohon buroshi ana kiyaye kada ya shiga cikin marafan, a ɗauraye, a goge ya bushe.

Mataki na gaba tambaya ce, kuma ban taɓa ganin ta ɓata lokaci ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Yaushe abin ya fara? Me aka saka wa motar, ko me aka gyara mata, kafin ya fara? An yi mata walda? Ta shiga ruwa a damina? Tafiyarta nawa ce a yini? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin motar da aikinta kawai daga gida zuwa ofis ne, tafiyar minti biyar da na'urar sanyi da rediyo a kunne, ba ta mayar wa batir abin da demarer ya ɗiba, kuma irin wannan babu ɓarawo a cikinta, yunwa ce kawai.

Shirya mota da haɗa mita

Motocin zamani ba sa yin barci nan take. Bayan an zare makulli kwamfutocinsu suna ci gaba da magana da juna, suna jan amfer ɗaya ko fiye, sannan su riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya cikin minti 10 zuwa 45, wasu ma har awa guda. Buɗe ƙofa, ko danna rimot, ko cire kan batir a mayar, duk yana tashe su. Saboda haka dole a shirya motar ta yadda za a iya kai hannu ga akwatunan fizibil, wato ƙananan masu kare layukan wuta da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, ba tare da ta san an taɓa ta ba.

A ajiye ta a inuwa, a sauke gilashin direba domin kada ta kulle kanta da makulli a ciki, a kashe komai, a zare duk wata cajar waya. A buɗe kapo da ƙofar da ke kusa da akwatin fizibil na ciki, sai a sa sukudireba a tura ƙugiyar kullen ƙofar har ta yi ƙara sau biyu, motar ta ɗauka an rufe. Idan maɓallin ƙofar irin mai roba ne a jikin ginshiƙi, a danne shi da wani abu a ɗaure. Haka za a yi wa maɓallin kapo in akwai shi. Kada a manta, kafin a rufe ƙofar daga baya sai an ja hannunta ƙugiyar ta koma, in ba haka ba za a lanƙwasa ta. Makulli mai rimot kuma a kai shi nesa da mota, taku ashirin ko fiye. A cire zobe da agogon ƙarfe, a nisantar da taba da duk wani tartsatsi, domin batir yana fitar da iskar da ke kama wuta, kuma a kan ragi kaɗai ake wannan aiki, saboda sifana idan ta taɓa jikin mota daga can babu abin da zai faru, daga kan tarawa kuwa walda za ta yi.

Awon amfer ya bambanta da awon bolt. A awon bolt mita tana leƙe ne daga gefe, a awon amfer kuwa ita ce gadar da dukan wutar za ta bi. A mayar da jar waya ramin da aka rubuta 10A, baƙar ta zauna a ramin COM, a juya mita zuwa harafin A mai miƙaƙƙen layi. A sassauta notin kos ɗin ragi, amma kada a ɗaga shi tukuna. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a samu gajeriyar waya mai kauri mai maƙalai biyu, a maƙala ɗaya a jikin kos, ɗaya a gindin kan batir, sannan a ɗaga kos a hankali, ta yadda wuta ba ta yanke ko na ƙiftawar ido ba. Ana cikin wannan hali sai a kulle motar da rimot kamar yadda mai ita ke yi kullum, domin injinan kulle ƙofofi suna fizgar wutar da za ta iya ƙona fizibil ɗin cikin mita. Bayan nan a maƙala jar wayar mita a kos, baƙar a kan batir, a tabbatar sun kama sosai, sai a cire gajeriyar wayar. Yanzu duk abin da motar ke sha ta cikin mita yake wucewa. Idan alamar ragi ta fito gaban lambar, wayoyin ne aka juya, ba komai.

Daga wannan lokaci an haramta abu uku: murɗa makulli, kunna manyan fitilu, da taka birki ko danna wani abu mai jan wuta da yawa. Demarer kaɗai yana jan fiye da amfer 100, mitar kuwa 10 ce iyakarta. Idan kuma motar mai batir biyu ce, kamar wasu Land Cruiser masu gazuwal da batiransu ke haɗe gefe da gefe, sai an cire ragin na biyun gaba ɗaya, in ba haka ba wutar za ta bi ta can mita ta nuna ƙarya. Wanda ke da mita mai baki kamar ƙaguwa, wadda ake maƙalawa a jikin waya, ya huta da duk wannan cire-cire, da sharaɗin ta kasance mai auna wutar batir har zuwa miliamfer, kuma a mayar da ita sifili kafin a maƙala.

Sai zama. A rubuta lambar farko da lokacinta, a sake rubutawa bayan minti 5, da 15, da 30, da 45. Za a ga tana sauka hawa-hawa kamar matakala. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure biyu. Na farko gaggawa: su ga amfer 2 a mintin farko su fara zare fizibil, alhali motar ba ta ko rufe ido ba. Na biyu karatun lamba: a ramin 10A, 0.03 yana nufin miliamfer 30, lafiya lau ke nan, 0.30 kuwa miliamfer 300 ne, ninki goma. Idan bayan awa guda lambar ta tsaya ƙasa da 0.05, motar ba ta da ɓarawo a wannan lokacin. Idan ta tsaya a 0.10 ko sama, akwai aiki.

Girman lambar yana nuna inda za a dosa. Tsakanin 0.12 da 0.20 yawanci rele ne, wato ɗan maɓallin da wuta ke kunnawa da kashewa, da ya ƙi sakewa, ko wata ƙaramar na'ura da aka ƙara. Wajen 0.40 ko 0.80 ƙwan fitila ne mai wat 5 ko 10. Amfer 3 zuwa 4 yakan zama maganaɗisun kwamfuresan sanyi da relensa ya manne. Lambar da ke hawa da sauka ba ta tsayawa kuwa alama ce ta kwamfutar da ke son kwanciya wani abu yana tashinta.

Gano layin da wutar ke bi

Tsohuwar hanya ita ce a riƙa zare fizibil ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, har a kai ga wanda zare shi ke sa lambar ta faɗi. Tana aiki sarai a tsofaffin motoci. A sababbi kuwa tana da illa, domin mayar da fizibil yana tashin kwamfutar da ke kansa, ita kuma ta tashi sauran, sai a sake zaman rabin awa. Wanda zai bi ta ya fara ɗaukar hoton akwatin da wayarsa, kuma duk wanda ya zare kada ya mayar, ya jera su a kan kwali bisa tsarin da suke, har sai ya gama.

Hanyar da ta fi ita ce a auna fizibil yana zaune a wurinsa. A bayan kowane fizibil mai ƙafa biyu akwai 'yan tagogi biyu da ƙarfe ke leƙowa. Idan wuta tana bi ta cikinsa, akwai ɗan bambancin bolt tsakanin tagogin, ƙanƙane ƙwarai, wanda ake aunawa da milibolt. A samu mita ta biyu in da hali. Idan ɗaya ce, a mayar da gajeriyar wayar nan tukuna, a zare mitar, sannan a mayar da jar waya ramin V. Ina jaddada wannan, domin mitar da aka manta wayarta a ramin 10A aka ɗora ta a kan batir nan take take ƙonewa. A sa ta a milibolt, a dafa tsinkayen biyu a tagogin, a jira lambar ta natsu. Fizibil ɗin da babu abin da ke bi ta cikinsa 0.0 yake nunawa. Jan fizibil mai amfer 10, irin na daidai girma, idan miliamfer 400 na bi ta cikinsa zai nuna kusan milibolt 3. Shuɗi mai 15 zai nuna kusan 2, rawaya mai 20 kuma ƙasa da ɗaya da rabi. Ba lallai ne a haddace waɗannan ba, abin nema shi ne fizibil ɗin da ya ƙi nuna sifili. A bi su duka, na ƙarƙashin kapo da na cikin mota, wasu motocin ma suna da akwati na uku a kofur. Manyan fizibil masu kama da ɗan akwati ba su da tagogi, su sai an zare su a ƙarshe.

Da an samu wanda ake zargi, a zare shi a tabbatar lambar ta faɗi, sannan a karanta sunansa a murfin akwatin. Fizibil ɗaya yakan ciyar da abubuwa da yawa. Wanda Toyota ke rubuta wa DOME, alal misali, ba fitilar rufi kaɗai yake riƙe da ita ba, sau da yawa har da agogo da fitilar kofur da wasu kwamfutocin ciki. Sai a mayar da shi, a jira motar ta sake kwanciya, a riƙa cire filogin abubuwan da ke kan layin ɗaya bayan ɗaya. Fitilun da ba a gani idan an rufe su ne na fara dubawa: ta kofur, ta akwatin takardu da ke gaban fasinja, da ta madubin da ke jikin makarin rana. A kunna ɗaukar bidiyo a waya, a saka ta a ciki, a rufe, a buɗe a kalla. Idan hoton bai yi duhu ba an kama ɓarawo. Rele kuwa ana gane shi da hannu, domin wanda ya kwana yana aiki ɗumi gare shi alhali 'yan'uwansa sun huce, sai dai a bazara wannan gwaji da asuba kawai yake yiwuwa. A saurara a lokacin zare shi: idan ya yi ƙara, wani abu ne ke ba shi umarni, a bi wannan abin, idan bai yi ƙara ba amma lambar ta faɗi, bakinsa ne ya manne daga ciki, a canza shi. A sababbin motoci a yi hattara da hukunta kwamfuta, domin tana da tsada, kuma sau da yawa wadda aka kama a farke ba ita ce mai laifi ba. Lalataccen maɓallin ƙofa ko na kapo ne ke ce mata har yanzu ba a rufe ba.

A abin da na gani, mafi yawan ɓarayin nan hannun mutum ne ya shigo da su. Motocinmu sun yi rayuwa a Turai ko Amurka, sun sauka a tashar Kwatano ko Lome, sun bi ta hannaye da dama, kowa ya ƙara abinsa. Wata rana aka kawo mini wata RAV4 da mita ta tsaya a 0.45. Na ce wa mai ita: "Alhaji, wa ya taɓa wayoyin motar nan?" Ya ce: "Wallahi, Malam, babu wanda ya taɓa ta." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa: "In ban da rediyon da yaro ya sa aka canza kafin sallah." Da muka zaro rediyon, sai ga jar waya da rawaya an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da baƙin salatif. Rawayar ita ce mai wuta kullum domin riƙe tashoshi, jar kuwa makulli ne ya kamata ya ba ta wuta. Wanda ya haɗa su ya yi ne don rediyo ya riƙa aiki ba makulli, sai ya zama fuskarsa kawai ke mutuwa, cikinsa yana farke har gari ya waye. Irin wannan ne ampili, mai ƙara ƙarfin sautin rediyo, da aka ɗaura siririyar wayar kunna shi, mai shuɗi da fari, a kan wuta mai ɗorewa, da na'urar bin sawun mota, da ƙararrawar tsaro, da ƙarin fitilu, da cajar da ke kwana a ramin kunna taba a motocin da ramin ba ya mutuwa. Yawancinsu kai tsaye ake ɗauko musu wuta daga batir ko daga wayoyin makulli, ba su bi ta akwatin fizibil ba, don haka a dubi kan tarawa a ga ko akwai baƙuwar waya, a kuma leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila. A wannan leƙe kada a taɓa filogi masu launin rawaya, na jakar iskar kariya ne, haka ma kauraran wayoyi masu launin lemo a motoci masu haɗa fetur da lantarki, domin wutarsu tana kisa.

Idan an bi fizibil duka lambar ba ta motsa ba, a koma ga altarnater. A cikinsa akwai diyod, waɗanda aikinsu su bar wuta ta fita zuwa batir su hana ta komowa; idan ɗaya ya fashe, da rana altarnater yana ɗan caji, da dare kuma ya shanye abin da ya ba da, wani lokaci rabin amfer, wani lokaci amfer da yawa. Wata alamarsa ita ce a same shi da ɗumi da safe inji yana sanyi. Don tabbatarwa, a raba batir da mota gaba ɗaya ta kan ragi, a kwance notin kaurin wayar da ke bayan altarnater, a naɗe bakinta da salatif kada ta taɓa ƙarfe, a sake haɗa mita a jira. Idan lambar ta dawo daidai, an gama bincike, kuma galibi farantin diyod ɗin kawai ake canzawa. Abin da ke kashe su sananne ne, kuma yana ba ni takaici domin kullum ana yin sa: juya wayoyi a lokacin ba da wuta, yin walda a jikin mota batir yana haɗe, da cire kan batir inji yana aiki, ko don a gwada caji ko don a mayar wa maƙwabci batirin da aka ara. Wannan dabara ta ƙarshe tana iya ƙona kwamfutar inji tare da diyod ɗin.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya zuwa kullum. An auna an samu 0.03, amma mai mota ya rantse tana mutuwa. A irin wannan a bar mita a haɗe ta kwana, idan tana da maɓallin riƙe lamba mafi girma a danna shi, a hana ta mutuwa da kanta, ko a kafa waya tana ɗaukar hotonta. A tambayi inda makulli ke kwana, domin a gidajenmu mota tana tsakar gida, makulli yana rataye a ɗaki taku kaɗan daga gare ta, kuma wasu motocin da ake tayarwa da maɓalli ba sa samun cikakken barci idan suna jin sa kusa. A san kuma cewa Toyota da yawa da aka ƙera domin kasuwar Amurka suna tashi da kansu wajen awa 5 bayan an kashe su, su kunna wani ɗan famfo na gwajin tankin mai na 'yan mintoci; wannan aikinsu ne. Idan matsalar damina ce kawai take zuwa, musamman bayan ruwan Agusta, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a taɓa ko da danshi, a buɗe akwatin fizibil da filogin da ke kusa da ƙafar direba a nemi koren tsatsa. Motar da ta daɗe a ajiye kusa da buhunan hatsi kuwa a nemi aikin ɓera a jikin wayoyinta.

Bayan gyara a maimaita awon tun daga farko, da jiran barcin da komai, har a ga lambar ta sauka ƙasa da 0.05. Duk na'urar da za a bari a motar a ɗauko mata wuta daga layin da makulli ke kashewa, a sa mata nata fizibil kusa da inda aka ɗauko, a yi wa haɗin dalma maimakon murɗawa da hannu. Fizibil ɗin da aka samu an naɗe da zaren waya ko takardar taba a jefar da shi a sa na gaskiya mai lambar da ta dace da wurin, domin irin wannan naɗin ne ke sa mota ta kama wuta. Batirin da ya sha mutuwa kuma a kai shi caji mai sanyi, kusan amfer 6 ga mai 60, ya kwana a kai, saboda yawo da mota na rabin awa ba ya cika shi, kuma zama a fanko yana sa wani farin gishiri ya daskare a farantansa ya rage masa ƙarfi har abada. Bayan cajin ne za a sake gwada shi da demarer a san ko zai ci gaba ko ya gama.

Wanda zai yi doguwar tafiya, aikin hajji ko hutu a Tawa ko Damagaram, ya bar mota fiye da mako uku, ya cika batir ya cire kan ragi, bayan ya tabbatar yana da lambar sirrin rediyonsa idan irin mai nema ne. Lambar da mita ta nuna a ƙarshe kuwa a rubuta ta a takarda tare da kwanan wata, a ajiye cikin takardun motar, domin ranar da aka sake saka mata wani sabon abu, da ita za a gwada sabon awon.